Ruwan Yayen Abarta

Duk Zangon Kumasi, in ana maganar ɗaurin goro, sunan Sahadatu ake fara kira. Shekara talatin da ɗoriya tana wannan aiki a gidajen fatake. Ta zauna a inuwa, ta tsince goron da tsutsa ta ci ta jefar, ta shimfiɗa ganyen fita, faffaɗan ganyen nan da Tonawa, 'yan asalin ƙasar, ke kawowa daga kurmi, ta jera goro, ta yayyafa ruwa, ta naɗe tsaf. Huhun da ya fito daga hannunta, ko a jirgin ƙasa aka sa shi zuwa Sekondi, ko a bayan jaki aka bi da shi ta Salaga, ɗanye shar zai isa. Abokiyar gabarta guda ɗaya ce a duniya, ita ce rana. In ta ga an yar da huhu inda rana ke dukansa, ko na wane attajiri ne, sai ta zazzage masa masifa a gaban yaransa.

To ga ikon Allah, ɗan da ta haifa da cikinta shi ne ya dawo daga yaƙi yana yabon rana.

Jibirin sunansa, ɗanta na fari, kuma shi kaɗai ya rage mata. Ba ta kama sunansa, sai dai ta ce Soja, ko da yake bai taɓa riƙe bindiga ba. Lokacin yaƙin Jamus aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa gabas, shi aikinsa ɗaukar akwatunan wani likita. Ya ce abin da ya gani da idonsa, ciwon ciki ya fi harsashi cin mutane. Likitan nan ne ya gaya masa wai a ƙasarsu akwai wata fitila da ake bi da ruwa ta ƙarƙashinta, haskenta ya kashe ƙananan abubuwa masu rai da ido ba ya gani, waɗanda ke kawo gudawa. Ya ce irin wannan haske yana cikin rana, ba sai an saya ba. A sami farar kwalba wadda ake ganin cikinta, a cika ta da ruwa mai tsabtar ido, a kwantar da ita a rana tun hantsi har la'asar, shi ke nan.

Da ya dawo Zango ya fara jera kwalabe a kan rufinsa, dariya kamar me. Kowa na shanya tufafi da barkono, shi ruwa yake shanyawa. Mata a bakin rijiya suna tambayar matarsa Zaratu ko ruwan ya bushe tukuna. Jibirin bai kula su ba, don shi ya san abin da ke cinsa. 'Ya'ya biyu suka binne, dukansu cikin makon yaye, dukansu da gudawa. Ta ukun da Allah ya ba su bayan dawowarsa, Mamunatu aka raɗa mata, amma Abarta ake kiranta, irin sunan da ake ba ɗan da ake roƙon mutuwa ta ƙyale. Tun ranar da yarinyar ta fara kurɓar ruwa, ba ta taɓa shan wanda bai wuni a kwalba ba. An gwada mata tafasasshe, ta tofar, ba ta son ƙaurin hayaƙi. Ga ta nan kuwa ɓul-ɓul, baƙa mai sheƙi, da wushirya da surutu.

Yayen biyun farko ba a hannun Sahadatu aka yi ba. Ɗaya a wurin uwar Zaratu, kafin Allah ya yi mata rasuwa, ɗaya a gidan wata gwaggo. Ba ta taɓa faɗa a fili ba, amma a ranta ta daɗe tana cewa da ita aka kawo wa, da ba haka ba. Ita da ta iya rainon goro, abin da ya fi jariri saurin lalacewa? Yanzu layi ya zo kanta, kuma ta ɗaura niyya a hannunta za a ga jikan da ya tsallake yaye.

Jibirin ya ja lokacin har sai da sanyi ya wuce, rana ta buɗe sosai, kafin ruwan farko. Wata Juma'a da safe suka zo, Zaratu goye da yarinya tana share ido da bakin mayafi, shi kuma da kwando a ka, kwalabe shida a ciki, da wani guntun kwanon rufi a hammata. Bai ko zauna ba, ya taka turmi ya ɗora kwanon a kan rumfar tsakar gida, inda babu inuwar komai. Sannan ya durƙusa ya shiga yi mata bayani dalla-dalla: uku a sama, uku a ɗaki suna hucewa, na yau sai gobe za a sha, kada a haɗa da na randa, kada a ba ta ko kurɓi ɗaya na wani wuri.

Sahadatu ta bar shi ya gama, sannan ta sauke masa nata. Ta ce ubansa, marigayi Malam Wahabu, da kunnenta ta ji shi yana karantar da mutane a zaure cewa ruwan da rana ta dafa makaruhi ne, ko alwala ba a so a yi da shi, don yana kawo albaras. Jibirin ya ce ya je ya tambayi malamai, sun ce na cikin tagulla da ƙarfe ake nufi, ba na kwalba ba. Kai, kamar ya zuba mata barkono. Ta ce yaushe ya yi karatun da zai gyara wa ubansa, shi da ko izu biyar bai haɗa ba ya gudu dakon kaya?

Bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Mma, ban taɓa roƙonki komai ba. Wannan ɗaya nake roƙo. Ki yi mini alkawari za ki ɗora su."

Ta dubi yarinyar, ta dubi ɗanta da ya rame tun dawowarsa bai sake cikowa ba. Tausayinsa ya kama ta. Ta ce, "Zan ɗora su."

Aka yi rubutun yaye aka ba Abarta, iyayen suka sulale suka tafi tana wasa da murfin kwano. A al'ada ba za su sake bari ta gan su ba sai ta manta da nono. Ta yi kukanta na yini guda, har murya ta dushe, Sahadatu ta goye ta tana zagaya tsakar gida tana yi mata tsiya, wai ƙatuwar banza, mai haƙora cike da baki tana neman nono, ba ta jin kunya. Kafin magariba ta karɓi koko.

Ranar Asabar Sahadatu ta yi yadda aka ce mata, ba ragi ba ƙari. Ta ɗebo ruwa daga rijiyar unguwa, can gangaren fadama wajen rafin Subin, inda a wannan lokaci na shekara ruwa ke ja baya, guga ɗari na faɗawa cikin ɗan abin da ya rage. Ta tace da tsumma, ta cika kwalabe, ta taka turmi ta jera. Da azahar ta kai hannu ta taɓa ɗaya, ta ji zafi rau, ranta ya ɓaci, amma ta bar su.

Ranar Lahadi da safe tana yi wa yarinyar wanka, sai ta ga wani ɗan fari a bayan wuyanta, bai kai ƙwayar gero uku ba. Ƙyasbi ne, wallahi, irin wanda rabin yaran Zango ke da shi, wanda da a jikin ɗan maƙwabta ta gani ko kallo na biyu ba za ta yi masa ba. Amma wannan Abarta ce, kuma tun tana jaririya take shan ruwan rana. Ta tuna wata mata a Salaga tun tana yarinya, wadda albaras ya cinye mata fuska da hannuwa, aka ware mata ƙoƙonta daban, ta tsufa ba wanda ya taɓa zama ya ci tuwo da ita. Ta goge wurin da yawu, bai fita ba.

Ta yi alkawari, kuma ita ba ta saɓa alkawari. Maganar Malam kuma ba ta faɗi ƙasa a gidansa ba yana raye, ba za ta faɗi yana kabari ba. Tana zaune tana wannan saƙa da warwara, hannunta ya riga ya kai kan damin ganyen fita da ke jiƙe a kwarya. Ai ba sai ta yi tunani ba. Ta ɗauki kwalba ta naɗe ta kamar yadda take naɗe goron sarauta, ganye kan ganye, ba ko kafar allura, ta ɗaure da zare, ta yayyafa ruwa. Ta yi wa ukun haka, ta hau ta jera su a kan kwano, a tsakiyar rana, daidai inda Soja ya nuna. A ganinta, in akwai wani alheri a ranar, zai ratsa ya shiga, sharrin kuma ganye ya tare shi. Haka goro yake tafiya wata biyu a hanya.

Da la'asar ta sauke su, ruwa sanyi ƙalau kamar daga randa. Abarta ta riƙe kwalba da hannu biyu ta sha har yana zuba mata a ƙirji. Sahadatu ta ji daɗi a ranta, ta ce yara dai ba su san komai ba, komai sai babba ya sa hannu.

Kullum in Jibirin ya tashi daga lodin kaya a tashar jirgi, sai ya biyo ya tsaya a zaure, ba ya shiga don kada yarinyar ta gan shi. Ya yi sallama ƙasa-ƙasa, uwar ta fito, ya tambaya ana ɗorawa, ta ce ana ɗorawa. Ba ƙarya ta yi ba, kuma ta san ba gaskiya ta faɗa ba.

Kwanakin nan uku, Sahadatu ba ta taɓa jin daɗin duniya kamarsu ba tun rasuwar Malam. Yarinyar ta manne mata, duk inda ta sa ƙafa tana riƙe da zanenta. Ta tafi da ita wurin aiki, ta zaunar da ita a kan buhu, Abarta na kwasar goro tana jerawa a ganye wai ita ma ɗauri take, matan wurin na dariya suna cewa an sami magajiya. Ta koyi cewa Kaka. In ta faɗa, sai Sahadatu ta yi kamar ba ta ji ba don ta sake faɗa.

Ranar Laraba da hantsi cikin ya ɓalle.

Da farko ta ce haƙori ne, ko canjin abinci, ai kowane yaro yana yi a yaye. Ta dafa ganyen gwaba ta ba ta, ta jiƙa jar kanwa, ta karɓo rubutu. Kafin la'asar ta wanke zane bakwai. Yarinyar na ta miƙa hannu tana neman ruwa, ita kuma tana kwance ganye tana ba ta, kwalba bayan kwalba, tana cewa sha, sha, uwata. Da Jibirin ya zo zaure ta ce masa ɗan zawo ne, ba komai, don ba ta so a ce kwana biyar kacal ta kasa.

Ranar Alhamis idanun suka faɗa, maɗigar kai ta lotsa. Ta ja fatar cikin ta saki, fatar ta tsaya yadda ta ja ta. Sai ta roƙi maƙwabciya ta je ta kira iyayen. Matar na fita, Sahadatu ta kwantar da yarinyar, ta taka turmi, ta tsinke zaren, ta yaye ganyen nan duka ta cusa a murhu. Ta gaya wa kanta surutun Soja ne ba ta so. Amma kwalba ɗaya ta kusa suɓuce mata, ita da komai bai taɓa suɓuce mata a wurin ɗauri ba.

Jibirin ya shigo a guje. Ya dubi 'yarsa, ya san abin da yake gani, don ya gan shi a fuskar ƙarti ɗari. Sannan ya ɗaga kai ya dubi rumfa. Ga kwalabe uku tsirara suna walƙiya a rana, yadda ya ce a yi. Ya daɗe yana kallonsu.

Aka yi duk abin da ake yi. Zaratu ta ce a bar zancen yaye, ta kwance ƙirji ta mayar mata da nono, amma yarinyar ba ta da ƙarfin kamawa, sai dai ta ɗora baki ta bari. Ranar Juma'a, mako guda cif da kawo ta, ana kiran sallar farko a masallaci, ta cika a cinyar uwarta. Allah sarki, ko kuka ba ta yi ba.

A zaman makoki mutane ba su iya riƙe baki ba. Ana Allah ya ba da haƙuri, ana raɗa a gefe cewa ga abin da ruwan rana ya jawo. Wani tsoho ma ya faɗa a fili, wai wanda ya bar abin da ya tarar iyaye na yi ya bi maganar Nasara, ai ya gani. Matan da ke zaune da Sahadatu suna ta lallashinta, suna cewa ke kam kin fita, kin faɗa masa bai ji ba. Kowace kalma kamar ana ɗora mata dutse a ƙirji.

Ranar sadakar uku, bayan jama'a sun watse da la'asar, Jibirin ya shigo ɗakinta ya durƙusa a bakin ƙofa, inda yake durƙusawa tun yana yaro in ya yi laifi. Bai yi kuka a makabarta ba, sai a nan.

Ya ce, "Mma, ki yafe mini. Kin gaya mini maganar Baba, na ƙi ji. Na sa ki kin ba ta da hannunki. Ni na kashe ta."

Ya ce kwana uku yana juya abin, ya rasa inda aka yi kuskure, sai dai in maganar likitan ce ƙarya tun tushe. Ya ce zai farfasa kwalaben yau ɗin nan, kuma in Allah ya sake ba su haihuwa, ruwan rijiya ɗan zai sha kamar ɗan kowa.

Da ta yi shiru, shi ke nan. Ba wanda ya gani, ganyen ya zama toka, duk Zango na bayanta, ga ɗanta a durƙushe yana neman gafararta. Ta so ta yi shirun, Allah ya sani ta so. Amma ta ga wani jariri da ba a ko yi cikinsa ba ana ɗura masa ruwan gangaren fadama, kuma ta san wannan karon da saninta ne.

Ta ce, "Soja, kada ka fasa su. Rana ba ta taɓa ruwan nan ba. Na naɗe su da ganyen fita."

Bai gane ba da farko, sai da ta sake faɗa, ta gaya masa zancen farin da ta gani a wuya, da zaren, da murhu. Ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun Lahadi. Ta ga yana lanƙwasa yatsu a kan gwiwarsa, Lahadi, Litinin, Talata, ya tsaya a Laraba. Ta jira ya yi ihu, ya zage ta, ya ce wani abu da za ta riƙe. Ina. Ɗan da Malam Wahabu ya rena ba ya ɗaga wa uwarsa murya.

Ya ce, "To, Mma."

Ya tashi ya sauke kwalabensa ya jera a kwando, ya ɗauki guntun kwanonsa, ya yi mata sai an jima.

Bai gaya wa kowa ba. Zango ta ci gaba da nuna shi da baki, ya ɗauka ya shanye. Ita ce ma ta shiga faɗa wa matan wurin ɗaurin goro abin da ta yi, suka ce baƙin ciki ya taɓa tsohuwa, tana so ta wanke ɗanta. Kowace Juma'a yana zuwa gaishe ta, ya durƙusa, ya tambayi ciwon ƙafarta, ya ajiye mata abin da ya samu. Bai rage mata komai ba, kuma bai sake yin dariya a ɗakinta ba. Wannan ladabi nasa ya fi mata duka ciwo.

Shekara ta zagayo Zaratu ta haifi namiji ranar Sallah, aka sa masa Iddi. Sahadatu ta je suna, aka miƙa mata shi ta riƙe, ta yi masa tsiyar kaka, wai wannan mummunan mijin ba ta so. Kwalabe suka koma kan rufin Jibirin, mutane suka ce ya haukace, bai ko waiwaya ba. Yaro ya yi wayo, ya yi rarrafe, ya tashi da ƙafarsa.

Da ta ga Iddi ya doshi shekara biyu, sanyi kuma ya wuce, sai ta fara shiri ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ta bi gidajen fataken da take wa aiki ta roƙo fararen kwalabe har shida, ta wanke su da yashi da toka. Ta samo guntun kwano ta sa aka ɗora mata. Ta sa aka sare reshen gwandar da ta lura yana jefa inuwa a gefen rumfa da yamma. Kullum da hantsi ta taka turmi da tsofaffin gwiwoyinta ta jera su tsirara, ta zauna a ƙasa tana gadi, ita da ta yi shekara talatin tana gudun rana, kada ko tsumma iska ta jefa a kai. Ta share ɗaki, ta ɗinka ɗan bante, ta jiƙa geron koko. Tana so ya shigo ya gani da idonsa, ba sai ta yi magana ba.

Ranar Juma'a ya zo, shi kaɗai. Ya ga kwalaben, ta ga ya gan su. Ya durƙusa ya gaishe ta, suka yi zancen ƙafarta, da tsadar goro, da wani maƙwabci da ya rasu. Har ya fara haramar tashi bai ɗauko zancen yaye ba, sai ta daure ta tambaye shi yaushe za a kawo mata maigidan nata.

Ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ai an yaye shi, Mma. Yau kwana tara. A gida muka yi, don kada mu wahalar da ke."

Ta tambaya yana lafiya. Ya ce lafiya lau, har tuwo yake ci, jiya ma ya bi kaji da gudu ya faɗi. Ta ce alhamdu lillahi, kuma har cikin ranta ta faɗa, don ta san ɗanta ya yi daidai, da ita ce shi haka za ta yi. Ta sa masa albarka, ya tafi.

Ta zauna a inda ya bar ta, ba ta motsa ba, hawaye na bin wuyanta. Da aka kira la'asar ta tashi ta taka turmi ta sauko da kwalaben, don lokacin saukewa ya yi, ta kai su ɗaki ta jera su a inuwa su huce.